Markar Da Na Karya Hatimin Kayan Gwamnati

Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo ba. Ina zaune a baranda nan Katsina ina kallon ruwa na zuba daga bakin kwano, sai jikata Hauwa ta bugo waya daga Abuja. Aikin zaɓe take yi, an tura su kwas na mako guda. Ta ce, "Hajiya, koya mana ake yadda za mu sayi na'urorin zaɓe, da yadda ake zama da 'yan kwangila kada su cuce mu." Kukanta ɗaya, sanyin ɗakin taron ya yi mata yawa.

Na ce mata ai kakanta ma ya yi wannan karatun.

Ta yi dariya ta ce, "A zamanin jakai?"

Na bar ta a haka. Amma da na ajiye wayar sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mini hanci, alhali gidan nan siminti ne ko'ina.

Shekarar da soja suka ce za su mayar da mulki ga farar hula, muna Jibiya, a gidan gadon su Malam, kusa da hanyar da ke fita iyaka. Malam shi ne maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin firamare. Ni kuwa ina gama sakandaren 'yan mata aka yi mana aure, na zauna gida da 'ya'ya biyu da surukata Inna, wadda ba ta taɓa kirana da sunana Saude ba, sai dai 'yar boko.

Lokacin kuɗin mai ne. Manyan motoci, waɗanda mutanen Maraɗi ke ce wa kamyo, suna wucewa ta ƙofar gidanmu da shinkafar waje da atamfa da rediyo, don tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe, kaya da yawa sai sun zagayo ta Kwatano. Amma abin da ke bisa mota ba ya sauka a tukunyarmu. Samari sun watse birane leburanci, in ka kira gayya tsofaffi ne za su zo maka. Tun farin da aka yi 'yan shekarun baya rumbunmu bai sake cika ba, kowace damina sai mun ga gindinsa kafin sabon gero ya nuna.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, ranar takarda ta zo cewa an ari Malam daga makaranta zuwa aikin zaɓe, kuma ya tafi Kaduna kwas na mako uku. Tanko maƙeri, maƙwabcinmu, shi ya sare mana gonar da sungumi, Inna da matarsa Tabawa suka bi shi da iri, ni ina gida ina dama fura ana kai musu. Sai da gero ya yi ganye uku Malam ya dawo, ya rame, da wani littafin rubutu mai baƙin bango a hammata.

Kullum bayan la'asar zai zauna yana gyaran ƙotar hauya, ni ina karanta masa abin da ya rubuto, don ya ce Turancina ya fi nasa gudu. A nan na koyi karatun nan ba tare da na je Kaduna ba. An ce musu kada su nuna wa mai kaya cewa a matse suke. An ce kada hannunsu ya taɓa takardar karɓa sai an kunna na'ura an ga tana aiki. Abin da malaminsu ya fi nanatawa, har Malam ya ja masa layi biyu, shi ne a rubuta ƙarara wa ke da asara in kaya suka lalace tsakanin isowarsu da karɓarsu.

Inna tana gefe tana kaɗi ta ce, "Yanzu ciniki ma sai an tahi Kaduna an koyo? Ni da ban san bihim ba, wa ya taɓa cuta ta a kasuwar awaki?"

Malam ya ce, "Inna, in akuya ta mutu ba a ɗaure ki."

Ba wasa yake ba. An ba su labarin wani akawu da kayan gwamnati suka salwanta a hannunsa, yana gidan yari har lokacin. Kuma duk muna tuna shekarun baya kaɗan da ake korar ma'aikata ta rediyo, mutum yana tsakiyar cin tuwo ya ji sunansa.

Zaɓen kashi-kashi aka yi shi, Asabar bayan Asabar. A na farkon sai da sakamakon ƙauyukan Riko da Gangara ya kwana biyu a hanya, don gulbi ya kawo, an rasa mai ƙetarewa da akwatuna. Shi ya sa aka ce kafin babban zaɓen ƙarshe a samo rediyon oba-oba guda shida, irin wanda mutum zai yi magana daga ƙauye a ji shi a ofis. Wanda ya ce zai kawo shi ne Alhaji Mati, ɗan garinmu mai fatauci tsakanin Maraɗi da Kwatano. Manya a Kaduna suka bar wa Malam zama da shi.

Kwana uku suna yi a zaurenmu, ina jiyo su ta bayan danga.

Alhaji ya ce, "Malam, ni da ubanka mun yi cinikin raƙumi da musafaha kawai. Yau ni za ka kawo wa takarda shafi huɗu?"

"Raƙumin naku ne, Alhaji. Wannan ba nawa ba ne."

"To albarka."

Ya tashi har da karkaɗe riga. Malam bai bi shi ba, ko da yake ba shi da wani mai kawowa. Washegari Alhaji ya dawo da kansa yana cewa ya manta carbinsa.

Abin da suka ƙulla a ƙarshe shi ne, akwatin zai zo a rufe da hatimin kamfanin da ya ƙera, ba mai buɗewa sai injiniya ya zo daga Kaduna, a gaban su biyun. Muddin hatimin na nan, kaya na Alhaji ne, duk abin da ya same su shi ya shafa. In kuwa aka karya kafin nan, an karɓi kaya ke nan, wanda ya ajiye su shi zai amsa. Malam ya shigo gida ran nan yana murmushi, ya ce wannan sharaɗin shi ya kafe sai da aka sa.

Akwatin ya iso ana saura kwana biyu azumi. Katako ne, ya kai tsawon gado, an ɗaure shi da waya, a kullin wayar ga wani dunƙulen dalma mai tambari, bai fi ƙwallon goruba ba. Ofishin zaɓe ɗaki ɗaya ne na haya, kwanonsa na yoyo, ga akwatunan ƙuri'a har rufi. Sai aka kawo shi soronmu na tsakar gida. Sai da aka cire ƙyaure aka sassare gefen ƙofa kafin ya shiga, sannan aka sake yaɓe wurin. Malam ya nuna wa yara dalmar ya ce duk wanda ya taɓa, soja za su zo. Ni ma da ba yarinya ba, in zan ɗebo gishiri a soron, nesa da ita nake bi.

Aka ga wata, marka ta sauka tare da shi.

Azumin damina ba ƙishirwa ke wahalar da mutum ba, yunwa ce. Sanyi na shiga ciki ya tarar ba kowa. Geron da ya rage tiya-tiya Inna ke fito da shi, ta hana a surfa sosai don kada ya rage auki. Da hantsi in fita bayan gida in tsinko tafasa da rama, in dafa, in kwaɗanta da ƙuli-ƙuli kaɗan. Itace duk ya jiƙe, kafin wuta ta kama idona ya yi jawur. Kunun tsamiyarmu kana ganin gindin ludayi a cikinsa. Wanki ya yi kwana uku a igiya yana warin ruma, gishiri ya narke a kwanonsa, ashana sai na sa ta cikin ɗankwalina kafin ta yarda ta kama. Bango kuwa in ka dafa shi sai ka ji yana zufa, yatsanka na shiga.

A haka aka tura Malam Riko ya kai wa ma'aikatan rumfunan zaɓe takardu, da niyyar ya kwana ɗaya. Yana ƙetarewa gulbi ya cika ya batse.

Rana ta uku da tafiyarsa, bayan azahar, na shiga soro ɗebo daddawa, sai ƙasa ta zubo mini a ka. Na ɗaga ido. Rufin ya yi ciki kamar hantsar saniya, daidai saitin akwatin, ruwa ja yana bin azara yana ɗiga. Ina tsaye na ji wata azara ta ce ƙas.

Na fito da gudu na kira Inna, na leƙa danga na kira Tabawa. Mazan unguwa duk suna bakin gulbi, ruwa na cin gonakin fadama. Ko da suna nan, akwatin ba zai fita ba sai an sari bango, wa zai sari bangon da ke tsaye da ikon Allah kawai?

Inna ta duba rufin ta ce, "Wanga ba ya kai la'asar. A hidda kayan mutane."

Na ce, "Inna, ba ya fita ta ƙofa."

"To a buɗe shi a hidda na ciki."

Na yi mata bayanin dalmar. Na gaya mata in muka bari soro ya faɗa masa a rufe, asarar ta Alhaji ce, takarda ta wanke Malam. In muka buɗe, ko da ba abin da ya same su, mun ɗora masa.

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Wato abin da aka koyo a Kaduna shi ne, a ba ka ajiya, ka tsaya kana kallo ta halaka, ka ce takarda ta wanke ka? Gobe kiyama ma takardar za a nuna?"

Tabawa ta ce, "Ni dai ba ruwana da kayan soja. Amma in kun ce a buɗe, awartakin Tanko na nan."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ba zan ce tunani mai kyau na yi ba, tsoro ne iri biyu ke jana. In na karya, ina ganin Malam a bayan motar soja. In na bari, ina ganin ranar zaɓe ta zo ba rediyo ko ɗaya, a ce a gidan malamin nan suka narke, wa zai tsaya karanta shafi na uku? Ga kuma maganar Inna ta ƙi barin kunnena. Wata azarar ta sake ƙara. Na ce wa Tabawa ta kawo awartakin.

Sau uku yana suɓuce mini. Na yi bisimilla, na datse wayar, dalmar ta faɗi cikin laka. Na tsince ta na ƙulle a bakin zanena, ban san don me ba. Muka ɓanɓare murfin da tsohuwar hauya. Rediyon shida ne cikin ciyawar katako, kowane ya kai kan keken ɗinki nauyi. Muka rufa musu tabarma muna ɗauka ɗaya-ɗaya, a guje cikin ruwa, zuwa ɗakin Inna, don shi ne aka yi wa sabuwar jinka a bazara. Tsohuwar nan da azumi a bakinta sai da ta ɗauki ɗaya a ka. Muka jera su a kan gadonta na ƙarfe.

La'asar ta yi, soro bai faɗi ba. Magariba ta yi, yana tsaye. Na riƙe ludayin kunu ina kallonsa ta ƙofar ɗaki. Allah ya gafarta mini, ran nan na roƙe shi ya rushe ɗakin mijina. Sai washegari da hantsi, ina tsakiyar tsinke rama, na ji wani irin nishi, na waiga, rufin ya zauna a kan wofin akwatin. Katakon ya baje kamar an taka ƙwarya.

Na shiga ɗakin Inna in goge rediyon da busasshen ƙyalle. Ta ce, "Ke 'yar boko, waɗanga abubuwa ba su jin abin da nika cewa ko? Jiya ko tsaki ban yi ba." Na ce ba sa ji sai an haɗa su da batir. A wajen gugar na lura huɗu suna cikin leda, biyu babu. Biyun nan a bayansu akwai wani ɗan murfi inda wayoyi ke shiga. Na ɗaga na farko, sai ga gidan zanzaro, busasshe, manne a lungu. Na ɗaga na biyu, shi ma haka, har ɗaki uku.

Na zauna a bakin gadon. Zanzaro ba ya shiga akwatin da aka rufe a Turai. Waɗannan biyun sun zauna a wani shago a ƙasarmu ta zafi, an yi aiki da su ko an jibge su, sannan wani ya buɗe akwatin a hanya ya musanya ya sake ɗaurewa. Na mayar da murafen a hankali kamar mai rufe jariri. Na ce a raina in abu ya ɓaci, ga abin da Malam zai nuna. Ban gaya wa Inna ba. Na ga kamar ba za ta gane ba, kuma wannan shi ne wautar da na yi da karatuna.

Washegari ƙaramar 'yata Bilki ta tashi da hangum, kumatunta sun kumbura har kunne, ko ruwa ba ta iya haɗiya. Na fita neman itacen da zai kama in dama mata koko. Ina dawowa na tarar da ita zaune a cinyar Inna, an shafe mata kumatu da jar laka, ga kasko a gefe.

Inna ta ce, "Kin ga ikon Allah. Ina ta tunanin inda zan samu gidan zanzaro cikin wanga ruwa, duk na bango sun narke, ashe ga shi an kawo mini har gado."

Kowa a garinmu ya san maganin hangum ke nan, a jiƙa gidan zanzaro a shafa. Ni ma da shi aka yi mini. Na ɗaga murafen. Ta kankare su tas da bakin cokali.

Me zan ce wa tsohuwar da ta yi wa jikarta magani? Na zagaya bayan ɗaki na tsuguna cikin yayyafi, na toshe bakina da zane.

Malam ya dawo rana ta shida, masu fito suka ƙetaro da shi a kan gora, takardunsa ɗaure a ka. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon soron. Na kwance bakin zanena na miƙa masa dalmar, na gaya masa komai, har da zanzaron. Ya juya ta a tafin hannunsa. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ba wanda ya ji ciwo?" Na ce babu. Da aka sha ruwa dabino ɗaya ya ci, ya ture kwanon.

Alhaji Mati ya zo jaje da safe, da ƙullin sukari. Ina jin sa a zaure yana cewa, "Allah ya kiyaye gaba. Ai iyali sun yi ƙoƙari. Sai dai ka san sharaɗin nan, Malam, ba ni na kawo shi ba, ni musafaha na so."

Kwana huɗu muka yi muna jiran mutanen Kaduna. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai in leƙa ta danga, ga shi hanyar iyaka ce, kowace mota sai ta rage gudu. Na ga Malam ya ware wasu tsofaffin riguna biyu da bargo ya ɗaure ya tura ƙarƙashin gado. Na yi kamar ban gani ba. A sujada ba na iya haɗa addu'a, sai dai in yi ta cewa ya Allah, ya Allah.

Suka iso da hantsi a Landiroba, babban jami'i ɗaya da injiniya. Aka fito da rediyon zaure, aka haɗa su da batir. Ina manne da danga. Na farko ya yi shuuu, injiniyan ya yi magana aka amsa daga mota. Na biyu haka, na uku, na huɗu. Na biyar shiru. Na shida shiru.

Alhaji ya ce, "Ruwa ne. An ɗauko su cikin marka, mata ne kuma."

Jami'in ya ce, "Wa ya ba da izinin ajiye su a gida?"

Malam ya ce an gaya masa da baki.

"Da baki. Kai da aka kai Kaduna. To wa ya karya hatimin?"

Na riƙe karan danga har ya shige mini hannu.

Malam ya ce, "A gidana aka karya, ranka ya daɗe. Sunana za ka rubuta."

"Ka san inda wannan takardar za ta kai ka?"

"Na sani."

Na zauna a gindin danga. Inna ta fito da buta ta gan ni zaune a laka. Ta ce, "Mi ya samu yaron?" A nan na gaya mata abin da gidan zanzaron nan yake nufi, ina magana ina shessheka. Ta ce, "Shi ne kika ɓoye mini, don ni jakka ce?" Ta ajiye butar, ta ɗauki kaskon, ta kama hannun Bilki, ta nufi zaure ko mayafi ba ta nema ba.

Na ji ta yi sallama, maza suka amsa a daburce.

Ta ce, "Mati, ɗaga kai ka dube ni. Ni na kama ka ranar da uwarka ta haihe ka, kana ta tsanyara kamar ɗan akuya. Ka ga kumatun ɗiyar ga? Laka ce ta gidan zanzaro. Daga cikin waɗancan biyun na kankaro ta da hannuna, da azumi a bakina. Kai da ka sha yawon duniya, gaya mini, zanzaron Turai ne?"

Sai na ji ƙarar sukurdireba. Injiniyan ya kwance bayan rediyon gaba ɗaya, ya daɗe, sannan ya ce da Hausarsa ta Kaduna, "Akwai shatin laka inda Mama ta ce. Ciki kuma ƙura ce busasshiya, ba ruwa. Wannan ya yi shekara biyu yana aiki, ko fi."

Alhaji ya shiga rantsuwa cewa shi ma haka aka ba shi a Kwatano, a rufe. Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Jami'in ya ce wannan duk labari ne, abin da takarda ta sani shi ne an karya hatimi, kuma in ya rubuta tsofaffin kaya, to su biyun za su tafi, ɗaya da laifin kawowa, ɗaya da laifin karɓa.

Sai Malam ya nemi a ba shi izini ya yi magana. Ya ce shi bai ce Alhaji ya yi ha'inci ba, kuma ba ya so a rubuta haka, don mutumin da zai ci gaba da zama a garin nan ne. Abin da ake bukata rediyo shida ne masu magana kafin Asabar. In Alhaji zai ƙetara Maraɗi ya kawo biyu sababbi zuwa Alhamis, a gwada a gaban injiniya, sai a rubuta an musanya biyu bisa yardar mai kwangila. In bai kawo ba, injiniya ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Alhaji ya ce, "Alhamis ta yi kusa. Gadar hanya ruwa ya cinye."

Malam ya ce, "Raƙumi ba ya bukatar gada."

Wani ya yi 'yar dariya, ina jin injiniyan ne. Alhaji ya ce a kawo takardar. Wannan karon shi ya ce a rubuta, kuma a karanta masa sau biyu.

Jami'in ya ce, "Wannan ya raba ka da gidan yari in sun iso, Malam. Bai raba ka da hatimin ba."

Laraba ba labari. Alhamis tun da safe Malam ke tsaye a bakin hanya. Na dafa tafasa ta ƙone ban sani ba. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, mutanen Kaduna suka fara ɗaura kayansu a mota. Rana ta yi ja sannan aka hango raƙumi daga wajen iyaka, Alhaji da kansa yana biye a ƙasa, laka har gwiwa. Aka haɗa su a nan bakin hanya. Duka biyun suka yi magana.

Takardar Malam kuwa ba ta jira an gama zaɓe ba. Jumma'a aka miƙa masa ita: an sauke shi daga aikin, ya koma makarantarsa, da gargaɗi a fayil ɗinsa. Wannan gargaɗin ya bi shi shekaru, sau biyu ana tsallake shi a ƙarin girma, kuma ba a sake kiransa aikin zaɓe ba har ya bar duniya.

Ranar Asabar gari ya waye da rana, karo na farko cikin kwanaki. Ana ta tururuwa zuwa rumfuna. Malam ya je ya jefa tasa da wuri, ya dawo ya saɓa hauya ya tafi gona, don ciyawa ta kusa shanye geron. Sai gab da magariba ya shigo. Na zuba masa ruwan wanke ƙafa, na durƙusa, na ce ya yafe mini, ni na jawo masa.

Ya daɗe yana cuɗa laka daga tsakanin yatsunsa. Ya ce da zai dawo ya biyo ta bayan ofis, taga a buɗe, ya ji muryar wani malami daga Gangara tana fitowa ta rediyon tar kamar yana ɗakin.

Na ce, "Da na bar shi a rufe, da kai ne zaune a wurin."

Ya ce, "Mako uku muka yi a Kaduna, Saude. Ba wanda ya gaya mana abin da ake yi in soro zai faɗi." Ya miƙo ɗaya ƙafar. "Zuba nan. Inna ta ce ki ƙara gero a kunun yau, tiya guda cur."

Na zuba masa, ladan ya ɗaga murya, na tashi na shiga madafa.